Ɓerayen Isaka da Auren Adiza

Na san abin da aka gaya muku, ku 'ya'yan ƙanena Isaka da ku yaran gidan Malam. An ce ni na tashi a gaban maza na ɓata auren 'yata Adiza da bakina. Maganar kam na yi ta, ba wanda ya matsa mini baki, kuma ba zan ce muku shaiɗan ne ba. Amma masu ba ku labarin daga ranar da na yi maganar suke farawa, sai ka ce da safe na tashi na ji harshena yana ƙaiƙayi. Yawancinsu ma ba sa wurin, wasunsu ana goye da su a lokacin. Tunda idona ya fara gajiya, kuma waɗanda suka san farkon abin duk sun riga ni, bari in shimfiɗa muku shi yadda ya faru, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

A Salaga aka haife ni, aure ya kawo ni Yendi gidan Malam Seidu, mutum mai sanyin hali, da safe ya koyar da karatu, da rana ya buɗe teburinsa na tasbaha da turare a kasuwa. 'Ya'ya uku Allah ya bar mini: Adiza, sai bayan dogon jira Bashiru, sai Nasiru. Bashiru ya yi tafiya a makare, kuma da ya fara sai ya riƙa faɗuwa ba tuntuɓe ba komai. Ban damu ba, don in ka ga sharaɓarsa, cike take tam kamar ta ɗan dambe, har mata suna tsokanata wai me nake ba shi. Yana wajen shekara biyar na tafi da shi Salaga gaishe da uwata, wadda muke kira Nna. Muna zaune a tsakar gida ta kira shi ya karɓi ƙosai. Yaron ya juya ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugunsa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu har ya miƙe. Na ga ƙosan ya zube daga hannun Nna. Ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Ramatu, tun yaushe yake tashi haka?"

"Ai haka yake yi, Nna. Ƙiwa ce kawai."

"Ba ƙiwa ba ce. Ƙannena biyu haka suke tashi a gidan babanmu. Ni na goye su har suka fi ƙarfin bayana. Ba wanda ya yi gemu a cikinsu. Mu mata ba ya taɓa mu, ta cikinmu yake bi ya kama maza. Isaka Allah ne ya tsallakar da shi."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da wa zai aure ki? Kina da 'ya mace. Ki haɗiye wannan magana yadda na haɗiye ta."

Na haɗiye ta. Na dawo Yendi da ita a cikina, kuma duk uwar da ta ce ita ba za ta yi haka ba, ban yarda da ita ba. Muka yi ta neman magani kamar waɗanda ba su san komai ba. Malam ya yi rubutu har alluna suka yi fari, muka je asibiti nan, muka je Tamale, likita ya murza ƙafar yaron ya ce babu abin da zai iya. Bashiru ya daina gudu, ya daina hawa dakali, ya koma tafiya a kan yatsun ƙafa da ciki a gaba, daga baya ya zauna. A shekarar da ya zauna ɗin nan Nasiru ya fara dafa gwiwa in zai tashi. Ranar da na fara ganin haka na shiga bayan gida na toshe bakina da zane don kada a ji ni.

Ciwo ɗaya a gida ana cewa ƙaddara. In ya zama biyu, sai mutane su fara waige-waige, kuma idonsu ya sauka a kan Goggo Azara, ƙanwar mahaifin Malam. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan ɗan'uwanta tana sayar da kanwa da daddawa a ƙofar gida. Bakinta kaifi gare shi, ba wanda ta bari, ni kaina na sha zagi a wurinta a kan tuwo mai gudaji. Amma yaran nan biyu ranta ne. Kullum bayan la'asar sai ta ɗora ƙafafunsu a cinyarta ta mulke su da man kaɗanya, tana yi musu waƙar banza suna dariya. Wannan mulkar ita aka riƙe. Aka ce dubi yadda sharaɓar ke kumbura alhali ƙafar ba ƙarfi, ai ta cinye naman ciki ne ta bar fanko. Wanda ya fi ɗaga maganar Yaya Alhassan ne, wan Malam, wanda kuke kira Baba Alhassan. A ƙauyen dangin uwarsa ya tashi, kuma ya san hanyar garin nan na bakin kogi inda ake kai tsofaffin matan da aka ce mayu ne, a yanka kaza a ga yadda za ta faɗi, in ta kife da ciki shi ke nan matar ba ta dawowa gida. Malam yana cewa haram ne, amma a hankali yake faɗa, kuma bai taɓa iya kallon idon wansa ba.

Ana cikin wannan ne goron Adiza ya zo daga Bawku. Mumuni sunan yaron, yana kawo albasa kasuwarmu a lorin babansa, ya ga Adiza a shagon da take ɗinki. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna, kuma yarinyar da ba ta cika magana ba sai ga ta tana waƙa a kan keke. Danginsa mutanen kirki ne, sun yi bincikensu sun ji cewa mayya ce ta kama ƙannenta, suka ce wannan ba laifin yarinya ba ne. Ku lura da wannan da kyau: muddin laifin yana kan Goggo, auren Adiza lafiya lau yake. Lefe ya iso, akwatuna suka cika rabin ɗakina, aka ce biki bayan babbar Salla, kuma Isaka ya aiko cewa zai zo daga Turai.

Isaka ya daɗe a can. Mu dai muna gaya wa mutane a asibiti yake aiki, kowa ya ɗauka likita ne, mu kuma ba mu gyara musu ba. Da ya zo na tsare shi a bakin murhu na ce ya gaya mini gaskiyar aikinsa, sai ya yi dariya ya ce ɓeraye yake kiwo. Na ce Isaka, ka ƙetare teku don ka share kashin ɓera, ga su nan a rumbunmu kyauta? Ya ce nasa ba irin namu ba ne, nasu har suna da lamba a kunne, kuma ba a shiga wurinsu sai an sa riga da safar hannu. Dariyar ba ta daɗe ba. Nasiru ya zo gaishe shi, ya durƙusa, ya tashi yadda yake tashi. Na ga fuskar Isaka ta canza kamar yadda ta Nna ta canza. Ya je ya zauna wurin Bashiru ya daɗe yana taɓa ƙafafunsa, sannan ya dawo ya same ni ina tankaɗe.

"Yaya, na san wannan ciwon. Kullum ina ganinsa."

"A wurin wa?"

"A wurin ɓerayen. Cikin tsoka akwai wani abu kamar danƙo da ke riƙe zarenta kada ya yage in mutum ya motsa. Masu binciken da nake wa aiki sukan cire ƙwayar gadon da ke yin irin wannan danƙon tun ɓeran bai zama ɓera ba, don su ga me zai lalace. Sai a haife shi kamar lafiyayye, daga baya ƙafafun baya su fara ja. Ni nake rataya su a jikin waya in ga ko za su iya riƙewa. Lafiyayye sai ya haye. Waɗannan sai su saki su faɗo a tafin hannuna."

"To sun samo maganin?"

"Ba su samo ba tukuna. Yaya, irin na yaran nan ta wajen uwa yake bi. Macen tana yawonta lafiya, 'ya'yanta maza wasu su kamu wasu su tsira."

"Rufe mini baki. Na sani. Nna ta gaya mini."

Ya tsaya yana kallona da baki buɗe. Na ce masa Adiza fa, ita ma tana ɗauke da shi? Ya ce ko tana ɗauke ko ba ta ɗauke, rabi da rabi ne, kuma bai san inda za a auna mata a ƙasar nan ba. Na kama hannunsa na ce ya rantse mini ba zai ambaci uwa ba. Ya ce to Goggo fa, a bar su su kai ta? Na ce ya gaya musu ciwo ne, ya gaya musu Turawa sun san shi, ya nuna musu ɓerayensa in ya so, amma ya tsaya nan. Ya ce zai gwada. A raina na ɗauka na sami hanyar da zan fitar da tsohuwar ba tare da na taɓa 'yata ba, har na ji sanyi a ƙirjina.

Aka yi zaman bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Yaya Alhassan ya tara dattawan dangi da samarinsu don a yanke ranar kai Goggo, ya ce a gama da ita kafin biki kada ta bi amarya Bawku. Kawun Mumuni, Alhaji Bukari, yana gari ya zo tsayar da rana, aka ba shi kujera don girmamawa. Mu mata muna bayan katanga muna ji. Goggo tana ɗakinta, ta ƙulle kayanta a zane ɗaya tun safe, ta zauna a kai. Isaka ya nemi izini ya yi magana. Ya yi bayani da kyau, wallahi, a hankali, ya fito da hotunan ɓerayen ya miƙa aka riƙa zagayawa da su. Ya ce ga shi, ba mayya a ɗakin da ake kiwon waɗannan, amma ciwon iri ɗaya ne. Na leƙa na ga ana gyaɗa kai, na ce alhamdulillahi. Sai na ji muryar Yaya Alhassan, da Hausarsa ta wanda ya koya da girma.

"Tsaya, Isaka. Wannan ɓera, Allah Naawuni ne ya yi shi haka, ko ku ne ya yi shi?"

"Mu ne muka yi, Yaya. Don a gane ciwon."

"Ku ne ya sa hannu cikin uwa, ya cire ƙarfi, kafin a haife shi?"

"Ba haka ba ne daidai, amma…"

"E ko a'a?"

"E."

"Jama'a kun ji da kunne. Ni ban san mutum na iya wannan ba sai yau. To ina tambaya. Shekara da ka tafi Aburokyire, ƙasar Bature, wane ne a cikin Ramatu? Bashiru. Da ka zo gaisuwa ka koma, wane ne a ciki? Nasiru. Yaro da ba shi da ko keke a Salaga, yau ya sauka da akwati da agogo. Me ka ba Bature ya ba ka takarda? Tsohuwa hannunka ne kawai a gidan nan. Shi yana shafa, kai kana karɓa."

Ban taɓa jin wuri ya juye da sauri haka ba. Mutanen da suka gama kallon hotuna suna gyaɗa kai, su ne suka riƙa yar da su a ƙasa suna goge hannu a riga. Samari suka miƙe. Wani ya ce a rufe hanya, wani ya shiga neman icce. Malam yana ta cewa a ji tsoron Allah, ba mai jinsa. Na leƙa ta kan katanga na ga Isaka tsaye, bayansa a jikin bishiya. Kalma ɗaya ta ishe shi ya fita, ya ce ta wajen uwa ne, ku tambayi yayata. Ya ɗago ido ya ganni, ya mayar da kansa ƙasa, ya ja bakinsa ya rufe. Adiza tana gefena riƙe da gefen mayafina, tana cewa Mma za su kashe Kawu. Ba ta san komai ba. Na cire hannunta daga mayafin, na zagaya na fita ba takalmi.

"Ku saurara mini. Ba Isaka ba ne, ba Goggo ba ce. Ni ce."

Yaya Alhassan ya ce in koma ciki, wannan zaman maza ne. Na ce 'ya'yan da ake magana a kansu ba namiji ne ya yi naƙudarsu ba.

"Ƙannen uwata biyu da wannan ciwon suka mutu, tun ba a haifi Isaka ba, tun Goggo ba ta san akwai ni a duniya ba. A jininmu yake, mu mata muke ɗauke da shi. Wanda bai yarda ba, ga lorin Salaga nan, uwata tana da rai, ya je ya tambaye ta. In kaza za ku yanka, ku yanka a kaina."

Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Ramatu, kin sani?" Na ce na sani. Yaya Alhassan ya tofar da yawu ya ce to an kawo musu ruɓaɓɓen iri gida, ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai ce wa Goggo ko Isaka su yi haƙuri ba, har ya mutu bai ce ba. Alhaji Bukari shi ne ya tsaya. Ya sunkuya ya tsince hotunan, ya kaɗe musu ƙasa, ya miƙa wa Isaka da hannu biyu. Sannan ya juyo gare ni da ladabi.

"Mma, Allah ya saka miki, kin ceci rai biyu yau. Amma ina da tambaya, kada ki ji haushi. 'Yar mace ita ma tana ɗauka?"

Na dubi Isaka. Ya ce, "Tana iya ɗauka, tana iya tsira, Alhaji. Ba mu sani ba."

"To. Zan kai magana gida."

Mutanen Bawku ba su wulaƙanta mu ba, wannan zan faɗa musu har kabarina. Bayan Salla suka aiko wasu mata biyu da goro da haƙuri cewa an fasa auren, suka ce Mumuni shi kaɗai ne namiji a wurin babansa. Lorin albasar nan ita ta zo ta kwashe akwatunan, wani direba daban ya tuƙo ta. Adiza da kanta ta ninke zannuwan ta jera, har wanda ta riga ta yanka ta ɗinka, ta sa a ciki. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta zage ni ba, ta dai daina waƙa a kan keke, kuma ta daɗe ba ta ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Maganar ta riga mu isa Salaga, 'ya'yan ƙanwata mata su ma suka sha nasu, ƙanwar tawa ta yanke gaisuwa da ni, Nna kuwa ta rasu tana fushi. Malam bai sake ni ba, bai kuma sake tambayata komai ba, muka zauna a haka kamar baƙi masu mutunta juna.

Goggo ta kwance ƙullinta a ranar. Ba ta gode mini ba, cewa ta yi na daɗe ban buɗe wannan shegen bakin ba. Washegari bayan la'asar ta ɗauko man kaɗanyarta ta zauna a tsakiyar tsakar gida, inda kowa zai gani, ta ɗora ƙafafun yaran a cinya. Ita da Adiza suka yi jinyar Bashiru har numfashi ya gagare shi, suka yi jinyar Nasiru bayansa. Goggo ta rasu a ɗakinta, a kan katifarta, aka yi mata salla a ƙofar gidan ɗan'uwanta. Isaka ya koma wurin ɓerayensa, ya ce mini ya daɗe in ɗaya ya saki waya ya faɗo hannunsa sai ya fita waje ya tsaya.

Masu neman Adiza sun zo daga baya, ba zan ce ba su zo ba, amma yawanci waɗanda suka gama haihuwarsu ne suna neman mai dafa musu. Ɗaya ko biyu masu ƙuruciya sun ce sun yarda da ƙaddara, ita ce ta ƙi. Ta ɗauki ƙannenta biyu a bayanta zuwa bayan gida shekara da shekaru, ta ce ba za ta haifi wanda za ta yi wa haka ba. Sai da ta wuce arba'in, furfura ta fara fito mata, sannan babanku Isaka ya sami hanyar da aka ɗebi jininta aka auna a can wurinsu. Ranar da amsa ta zo ina zaune ina tsince shinkafa, ta shigo ta tsaya a kaina.

"Mma, Kawu ya kira. Babu shi a jinina. Ban taɓa ɗauke da shi ba."

Na ce alhamdulillahi. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon hannuwanta.

"Da kin yi shiru ranar nan, da yanzu ina Bawku da 'ya'yana maza, suna gudu."

"Da na yi shiru, da sun fasa kan kawunki, Goggo kuma ta mutu a bukkar mayu."

"Na sani, Mma. Ina wurin. Da ni ce ma da na faɗa." Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Amma ke kika faɗa, ni na biya."